Kofi a Hannun Hagu

Kafin ku fara yi min wa'azi a ƙarƙashin rubutun nan, bari in riga ku faɗa da bakina: na taɓa ɗaga hannu na roƙi Allah Ya kawo mana labarin yayana, ko da na mutuwa ne. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wanda zai zage ni ya zage ni, amma ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Juwairiya, shekarata ashirin da biyar, gidanmu yana Akurba a nan Lafia. Babanmu Alhaji Kalilu atamfa yake sayarwa a kasuwa, sana'ar da ubansa ya sauko da ita daga Kano. Mu biyu ne muka rayu a ɗakin Inna, ni da Yaya Safiyullahi, kuma shi ne na fari. Soja ne, cikin masu harba igwa. Shekara uku da wata huɗu ke nan da aka aiko mana da takarda cewa an kai musu hari cikin damina a can arewa maso gabas, an nemi wasu an rasa, har da shi. Ba su ce ya mutu ba, ba su ce yana raye ba. Cewa suka yi ba a gan shi ba, kuma tun ranar gidanmu ya tsaya a wuri ɗaya.

Inna irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Yayanki" take cewa, ko "wancan," in ya ɓata mata rai kuma "mai hannun banza," saboda bahago ne. Ta doki hannun nan har ta gaji. Tuwo dai ya koyi ci da dama, amma kofi in ya manta sai hagu ta riga shi ɗauka. Da ya ga ta harare shi sai ya yi maza ya tallafi gindin kofin da bayan hannun dama, ya ce, "Ai ga dama nan, Inna, tare suke aikin." Ran da zai koma aiki na ƙarshe ko zaure ba ta raka shi ba. Tana tsince shinkafa ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta ɗago ba.

To wannan matar ce yanzu take share ɗakinsa kullum, ta wanke zanin gadonsa duk sati biyu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ta miƙo min wayarta ta ce, "Gwada layin yayanki." In gwada, muryar matar nan ta kamfani ta ce wayar a kashe take, Inna ta ce, "To, wataƙila babu wuta a wajen." Baba ya taɓa kawo maganar a yi masa sallar ga'ibi a raba sadaka. Ba ta yi gardama ba, ta dai bar cin abinci kwana uku. Bai sake kawowa ba.

Cikin wannan ramin maganar aurena ta zo ta faɗa. Yaya ya taɓa cewa cikin tsokana shi zai kai ni ɗakin miji da kansa, don ya ga bawan Allahn da zai iya da bakina. Inna ta riƙe wannan wasan kamar wasiyya. An zo tambaya, an karɓi gaisuwa, akwatuna sun kwana sun tashi a ɗakina har leshin ciki ya fara warin ajiya, amma sa rana, a'a. "In ya dawo." An ce rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, to mu ranar ce ma aka hana sawa, balle a je ga kunya. Ƙawayena duk sun tafi, wasu da goyo. A gidan biki kuwa tambaya ɗaya ce, "Juwairiya, naki yaushe?" In yi murmushi, in dawo gida in yi addu'ar nan da na faɗa muku, in kuma tsani kaina.

Shi mutumin nawa sunansa Muhyiddin. Dogo ne, siriri, ba ya son hayaniya, in kana magana sai ya juyo maka da kunnen dama don na hagun ba ya ji sosai. Ya ce ƙarar janareto ce ta lalata shi. Yana da shago a Azuba, yana gyaran fanka da dutsen guga da injin markaɗe na kicin. Haɗuwarmu ma fanka ce sila, ko in ce haka na ɗauka. Wata Juma'a shekara biyu da suka wuce aka yi sallama, na leƙa na ga baƙo ya rungume baƙar leda a ƙirji yana tambaya ko nan ne gidan Alhaji Kalilu. Kafin in amsa Inna ta ji muryar namiji, ta fito da gudu ko takalmi babu, mayafinta a hannu.

"Daga wajen yayanta kake?"

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "A'a, Mama. Fanka nake gyarawa, na ji an ce kuna da ta gyara."

Wane gida ne a Lafia ba shi da fankar gyara? Ya gyara biyu ranar, ya ƙi karɓar komai, Inna ta zuba masa tuwo da miyar kuɓewa. Daga fanka aka koma dutsen guga, daga dutsen guga aka koma ni.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi, bai taɓa matsawa kan sa rana ba. Kawunsa ya yi ta aike, shi kuwa sai ya ce, "A bar Inna, Juwairiya. Kada a takura mata." Na ce masa wata rana, "Malam, anya son nan naka yana da jini a jika?" Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya ci gaba da kwance fanka.

A bayan shagonsa akwai labule, bayan labulen kuma akwai kanta. Ran da na fara ɗagawa na ga ƙananan motocin yaƙi a jere, kowacce ba ta wuce tsawon tafin hannuna da rabi ba, ga doguwar bindiga a sama, ga sarƙa a madadin taya. Na tuntsire da dariya.

"Da girmanka kake wasan tanka?"

"Ba tanka ba ce."

Da wannan lafazin Yaya yake gyara mana in mun ga hotonsa a wajen aiki. Muhyiddin ya ɗauko ɗaya a hankali da hannu biyu. "Tanka gaba take shiga, tana ganin wanda take harbi. Wannan igwa ce aka ɗora wa ƙafa don ta tafi da kanta. A baya take tsayawa, a ba ta lamba, ta harbi abin da ba ta gani. Kin ga wannan faifan na baya? Shi take kafawa a ƙasa kafin ta harba, in ba haka ba sai ta ja da baya."

"Ina ka san duk wannan?"

"Intanet. Muna da guruf, mu masu haɗa irin waɗannan."

Na yarda. So hana ganin laifi, haka aka ce.

Daga baya har zama nake yi ina kallonsa yana aiki in na kawo masa abinci. Ba siyo su yake yi a haɗe ba, da hannunsa yake yanka komai. Jikin motar daga farar roba yake fitarwa da reza, yana aunawa da rula, ya ce duk abin da ya kai taku talatin da biyar a babbar mota, taku ɗaya ne a tasa. Bakin igwar eriyar tsohuwar rediyo ce. Sarƙar kuwa gaɓa-gaɓa yake yanka ta, tamanin da wani abu kowane ɓari, ya manna su ɗaya bayan ɗaya da gam a bakin tsinken sakace, sati uku yana abu ɗaya. Tsatsa ma ta gaske yake kankarowa daga tsohuwar ƙusa ya shafa a inda ruwa yake kwanciya. Abu ɗaya ya ɗaure min kai: in zai yi wa sarƙa taɓo ba ya ɗibar jar ƙasar Lafia da take ƙofar shagonsa. Yana da wata baƙar laka busasshiya a kwalbar man shafawa, ita yake jiƙawa kaɗan-kaɗan kamar mai tsimin turare.

Bakwai ne a kan kantar, kuma duk bakwai ɗin mota ɗaya ce. Launi ɗaya, lotsawa ɗaya a gefen dama, buta ɗaya ɗaure da shuɗiyar igiya a baya, sarƙar hagu a zame. Kowacce da ƙananan mutane huɗu, ba su kai ɗan yatsana ba. A gefen igwar akwai wurin zama guda, kullum babu kowa a kai.

"Wannan fa? Ya tafi fitsari?"

"Hannunsa ne ban iya ba tukuna," ya ce, ya saki labulen.

Yanzu ku zo mu je Juma'ar da ta wuce.

Da hantsi ne, na gama wanke-wanke ina zaune a bakin rijiya da ɗaurin ƙirji da tsohuwar rigar Yaya ta ƙwallo, ina duba waya. Sai ga hoto Muhyiddin ya ɗora a shafinsa: mota ta takwas. Ya rubuta a ƙasa, "Na gama." A ƙarƙashi wani abokin guruf ɗinsu, Aondowase, wanda na sha jin sunansa, tsohon malamin makaranta ne a Makurɗi, ya rubuta:

"Oga Muhy wannan aiki ya yi kyau no be small. Amma ka yi mistek ɗaya. Mutum na biyar yana riƙe kofi da hagu. Musulmi ba ya sha da hagu, ni ma na sani. Gyara shi."

Muhyiddin ya amsa: "Ba kuskure ba ne. Haka yake riƙewa."

Na karanta sau uku. Yake riƙewa. Wa? Na buɗe hoton, na ja shi da yatsu biyu har ya fara dushewa. Mutum na biyar yana zaune a gefen igwa, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, kofi a hannun hagu. Hannun dama kuma yana ƙarƙashin kofin, ba tafin ba, bayan hannun, ya ɗan tallafe shi.

Na koma in sake duba amsar, babu ita. Hoton ma ya goge. Sai dai na riga na adana.

Na tura masa: "Wane ne mutum na biyar?"

Alamar karantawa ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya.

"Muhyiddin."

"Kina ina?"

"Gida. Amsa min."

"Ba maganar waya ba ce."

Ban san yadda na shirya ba. Na dai tsinci kaina a cikin keke da hijabin sallata ruwan toka a kan zanin wanke-wanke, silifas ɗin ƙafata ɗaya nawa ɗaya na Inna. Na ce mata zare zan siyo. Mai keken yana ta ba ni labarin tsadar doya, ni kuwa kunnen hagu nake tunawa. Zuwan Yaya na ƙarshe ihu yake yi in yana magana, Baba yana ce masa ya rage murya, yana dariya yana cewa igwa ta cinye masa kunne ɗaya. Shekara biyu ina kallon mutum yana juyo min da kunnen dama, ban haɗa ba.

Na tarar ya rufe ƙofar shagon rabi, ya ɗage labulen. Ta takwas tana kan tebur, kusa da ita baƙar leda. Na gane ta. Ledar da ya rungume a ƙofar gidanmu ce, ta koɗe ta yi laushi.

"Zauna, Juwairiya."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ka san yayana?"

"Ni ne direban motarsu."

Na zauna.

Ya yi maganar yana kallon teburin, murya a ƙasa, ba ya tsayawa, kamar wanda ya daɗe yana maimaita ta shi kaɗai. Ya ce an yi ruwa kwana biyu, an ce su matsa gaba. Akwai hanya mai zagaye, akwai ta fadama. Yaya ya ce a zagaya, shi ya ce ya san motarsa, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Baƙar laka ta riƙe ta, sarƙar hagu ta zame. Suna jiran a zo a ja su, Yaya ya dafa musu shayi, ya hau gefen igwa ya zauna yana sha yana tsokanarsa, wai direban da ya fi hanya sani.

"Wannan zaman ne," ya nuna ƙaramin mutumin da haɓa. "Shi ne na ƙarshe da na gan shi lafiya. Duk ran da na rufe ido shi nake gani. Na ce in na fitar da shi daga kaina na ajiye a kan tebur wataƙila zai bar ni. In haɗa motar, in yi mutum huɗu, in na zo kansa sai hannuna ya ƙi."

Daga cikin dawa aka buɗe musu wuta. Uku suka mutu a take. Yaya kuwa harsashi ya same shi a ciki. Muhyiddin ya goya shi ya shiga daji, yini guda da wani abu yana tafe yana hutawa, har gindin wata aduwa. A nan Yaya ya cika.

"Ka gani da idonka?" Ban san me ya sa na tambaya ba. Wataƙila jinin Inna ne a jikina.

"Ni na rufe masa ido. Babu ruwan wanka, taimama na yi masa. Na yi masa sallah ni kaɗai. Da wuƙa da wannan na haƙa."

Ya buɗe ledar. Kofin silba ne, bakinsa ya lanƙwashe ya yi kaifi. Sai carbi, sai waya mai fasasshen gilashi, wadda ni na zaɓa wa Yaya ita a kasuwa.

"Daga nan ban koma ba. Na ji tsoro, na ji kunya, ni na kai su fadamar. Na cire kaki na bi masu shanu har na fita. A takarda ni ma ba a gan ni ba. Kawu ne kaɗai ya sani. In na buɗe baki na ce ga inda Safiyu yake, dole a tambaye ni ina na shiga, kuma wanda ya gudu daga fagen daga kin san ba gida ake mayar da shi ba. Duk da haka na zo, wallahi don in faɗa na zo. Na yi sama da shekara ina neman ƙarfin hali. Sai ga Inna ba takalmi."

"Sai ka gyara fanka."

"Sai na gyara fanka."

Na ɗauki wayar. A goge take tsaf, babu ƙura.

"Duk wata nake kunna ta in yi kira ɗaya, kada kamfani su rufe layin su ba wani," ya ce. "In na kunna sai saƙonni su shigo. An neme ka, an neme ka. Duk Juma'a, ƙarfe biyu da rabi."

A nan na fashe. Ban yi ihu ba, kun san shago a bakin hanya yake, amma na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa mutum ba. Na ce shekara biyu kana cin tuwon matar nan, tana ce maka ɗana, kana kallonta tana shanya zanin gadon mamaci. Na ce ka bar ni ina roƙon Allah mutuwar ɗan'uwana don in aure ka, kai kana nan kana manna sarƙa da tsinke. Na ce ashe shi ya sa ba ka gaggawar a sa rana, ka san wanda ake jira. Bai kare kansa ba ko da kalma ɗaya, kuma wannan ya ƙara min ciwo, don faɗa nake nema.

Da na gaji na tambaye shi abin da ya fi ci min rai. "Shi ya ce ka aure ni? Amana aka ba ka, ka zo saukewa?"

"A'a. Wannan laifina ne ni kaɗai. Na zo da saƙo, na ga ki, na ƙara wa kaina dalilin yin shiru."

"Wane saƙo?"

Sai a lokacin ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Kafin ya cika ya nemi ruwa. Na samo masa a wani kududdufi. Na miƙa masa wajen hagu don na san shi, sai ya ƙi. Ya yi ta fama har ya ɗaga dama, rabin ruwan ya zube masa a wuya. Da ya sha sai ya ce, ka faɗa wa Inna da dama na sha."

Lasifikar masallaci ta fara huɗuba. Ya ɗauko kwalin dutsen guga, ya shimfiɗa tsumma, ya sa ta takwas a ciki, ya sa ledar a gefe.

"Jiya na gama hannun. Da na gama na san shirun ya ƙare, shi ya sa na rubuta abin da na rubuta, sai kuma tsoro ya sa na goge. Ki tafi da su. In an sauko zan zo in faɗa wa Baba da Inna da bakina, Litinin kuma in kai kaina inda ya kamata. Maganar aure, ba ni da bakin roƙonki."

Masu karatu, ga gaskiyar da ta fi ta farko muni: na tsane shi a wannan lokacin, kuma da ya ce Litinin sai da na ji kamar in riƙe masa riga.

A cikin keke na kasa haƙuri, na danna wayar ta kunnu. Hoton da yake kan fuskar wayar na Inna ne, daga gefe, kanta a sunkuye tana tsince shinkafa. A sace ya ɗauka, ranar da ba ta ɗago ba. Na kife wayar cikin kwali na rufe bakina da hijabi, ban tuna da kashe ta ba.

Na shiga gida biyu da rabi ta gota. Baba bai dawo ba. Inna tana kan tabarma a inuwar mangwaro, ta yi wanka ta sa atamfarta mai ganye ta Juma'a, waya a cinya.

"Zaren ne a kwali? Kin tsaya yawo har lokaci ya wuce. Gwada layin yayanki."

Na ajiye kwalin a bakin tabarma. Ban karɓi wayar ba. Ta dube ni ta yi tsaki, ta ce yaran yanzu komai sai an roƙe su, ta danna koren maɓalli sau biyu da kanta kamar yadda ta ga ina yi, ta kara a kunne.

Kiran ya shiga.

Har in mutu ba zan manta fuskarta ba. Shekara uku da wata huɗu suka sauka daga kanta a lokaci ɗaya, ta miƙe zaune, ta ɗaga min hannu wai in yi shiru. Sai kuma ta ji abin da nake ji. Ƙarar tana fitowa daga cikin kwalin da yake gaban gwiwarta.

Ta sauke wayarta, ta buɗe kwalin, ta ga mai fasasshen gilashi tana haske da sunan da ya sa mata, Innata. Ta bar ta tana ƙara har ta katse. Ta taɓa carbin, ta taɓa bakin kofin da ya lanƙwashe. Sannan ta ɗago motar da hannu biyu ta ɗora a cinya.

"Tankar..." Ta tsaya. "A'a. Igwa yake cewa."

Ta lalubo tabaranta ta sa. Ta bi mutanen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har ta zo kan na biyar. Ta daɗe a nan. Sai na ga ta sa farce tana ƙoƙarin ɓamɓare ɗan kofin daga hagu ta mayar dama, a hankali, kamar yadda na sha ganin ta yi da babban. Gam ya riƙe, bai motsa ba.

"Har a can ma bai bari ba," ta ce, muryarta kamar ta mai faɗan yau da kullum.

"Inna." Na durƙusa. "Na ƙarshe da dama ya sha. Shi ya ce a faɗa miki."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta gane abin da na ƙarshe yake nufi, na ga lokacin da ya isa gare ta. Ba ta yi salati ba tukuna, ba ta yi kuka ba. Ta mayar da ido kan ɗan mutumin, ta shafa kansa da babban yatsa.

"Safiyullahi," ta ce.

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta faɗe shi cikakke, gaɓa-gaɓa, kamar wadda ta shekara talatin tana ajiyarsa a ƙarƙashin harshe. Ta sake faɗa. A na ukun ne muryar ta karye.

Da ta iya magana tambaya ɗaya ta yi. "An yi masa sallah?"

"An yi, Inna. Mutum ɗaya."

"Wa?"

Kafin in amsa muka ji muryar Baba a zaure yana cewa shigo mana, ai kai ɗan gida ne, sai kuma sallamar da Inna ta shekara biyu tana amsawa da fara'a. Ta saurara. Ta dubi motar, ta dubi fankar da take juyawa a baranda, ta dube ni. Addu'ata ta karɓu, jama'a, ga labari ya zo har tsakar gida, kuma ban san ko mijina ne ya kawo shi ba ko mutumin da ba zan ƙara iya kallo ba.

Inna ta share fuska da gefen mayafi, ta jawo kofin Yaya ta miƙo min.

"Wanke wannan ki zubo ruwa," ta ce. "Sannan ki ce ya shigo."